Bhaichung Bhutia: Ɗan manomin da ya ɗauki ƙwallon Indiya a kafaɗarsa

Da wuya a samu gidan kallon ƙwallo a Tudun Wada ko Sabon Gari a Gusau, ko majalisar samari a bakin tashar Tsafe da kasuwar Bungudu, da ba a taɓa ba da labarin wasan da aka ce Indiya ta ci Najeriya 99 da 1 ba. Mai ba da labarin zai ce ƙwallon takan rikiɗe ta koma zaki idan ta doshi mai tsaron ragar Najeriya, ta kuma zama dutse idan ɗan wasan Najeriya ya zo bugawa. Zai ƙara da cewa wanda ya yi ta maza ya ci ƙwallo ɗayar nan ya rasa ƙafarsa, wasu ma su ce ransa, sannan Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, FIFA, ta haramta wa Indiya taka leda har abada saboda tsafi.

Ba a taɓa buga wannan wasa ba. Babu shi a kundin FIFA, babu shi a tarihin hukumomin ƙwallon ƙasashen biyu, kuma sunan wanda ake cewa ya ci wa Najeriya ƙwallon yakan sauya daga baki zuwa baki. Abin da ya ba labarin tsawon rai shi ne ba a taɓa ganin Indiya a Gasar Cin Kofin Duniya ba, alhali a ƙasar Hausa an san ta ciki da bai ta hanyar finafinai. Da mutane suka nemi dalilin rashin ganinta a fili suka rasa, sai tatsuniya ta cike gurbin.

Amma Indiya na buga ƙwallo, tana kuma da gwarazanta. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne Bhaichung Bhutia, ɗan wasan gaban da ya shafe shekara 16 yana sanya rigar ƙasarsa kafin ya jingine takalminsa. Tarihinsa ya cancanci a karanta shi a Zamfara musamman, domin ya fito ne daga ƙauyen manoma a wata ƙaramar jiha da ke nesa da manyan ƙungiyoyi, kuma matakan da ya taka har ya yi suna sanannu ne, ana iya lissafa su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙasar da kurket ta danne wa ƙwallo

Ƙwallon ƙafa ta shiga Indiya ta hannun sojojin Birtaniya, kuma ta yi saiwa da wuri. Gasar Kofin Durand da aka fara a 1888 na cikin gasanni mafi tsufa a duniya. A 1911 ƙungiyar Mohun Bagan ta birnin Kolkata, wadda akasarin 'yan wasanta ba su sanye da takalmi, ta doke tawagar sojojin Birtaniya ta East Yorkshire da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na wani babban kofi, nasarar da Indiyawa suka ɗauka a matsayin wani ɓangare na gwagwarmayar neman 'yanci.

Bayan samun mulkin kai, ƙasar ta yi zamani mai kyau. Ta ci lambar zinare a Wasannin Asiya a 1951 da 1962, ta kuma zo ta huɗu a Gasar Olamfik ta 1956 a Melbourne. Ta ma samu gurbi a Kofin Duniya na 1950 a Brazil bayan abokan rukuninta na sharar fage sun janye, amma ita ma ta ƙi zuwa. An daɗe ana cewa hana ta buga wasa ba takalmi ne ya jawo haka, sai dai masu bin tarihin wasan sun fi danganta lamarin da nisan tafiya, da tsadarta, da kuma fifikon da shugabannin ƙwallon ƙasar na lokacin suke bai wa Olamfik a kan Kofin Duniya.

Daga shekarun 1970 al'amura suka riƙa ja da baya. Da Indiya ta lashe Kofin Duniya na wasan kurket a 1983, sai kuɗi da talabijin da hankalin matasa suka karkata can. Ƙwallon ƙafa ta rage a wasu yankuna kaɗan: Kolkata, da Goa, da Kerala, da Punjab, da jihohin tsaunuka na arewa maso gabas. A cikin wannan yanayi na koma-baya Bhutia ya taso.

Daga Tinkitam zuwa Gangtok

An haife shi ranar 15 ga Disamban 1976 a Tinkitam, wani ƙauye da ke kudancin Jihar Sikkim a tsaunukan Himalaya. Shekara ɗaya kacal kafin haihuwarsa, wato a 1975, Sikkim ta zama jiha a Indiya. Kafin nan masarauta ce mai sarkinta. Ita ce jiha mafi ƙarancin jama'a a ƙasar, domin ƙidayar 2011 ta nuna mutanenta sun ɗan haura dubu 600. Idan aka haɗa al'ummar ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bungudu kaɗai, sun fi na Sikkim baki ɗaya yawa.

Iyayensa manoma ne, kuma ma'anar sunan Bhaichung a harshensu ita ce ƙaramin ƙane. Ya fara karatu a makarantar St. Xavier's da ke Pakyong, inda aka lura da ƙafarsa. Yana ɗan shekara tara Hukumar Wasanni ta Indiya ta ba shi tallafin karatu saboda ƙwallo, aka mayar da shi makarantar Tashi Namgyal da ke Gangtok, babban birnin jihar. Wannan shi ne tsani na farko, kuma na gwamnati ne: yaro ya samu aji da abinci da wurin kwana da mai horarwa a wuri guda, ba tare da mahaifinsa ya sayar da gona ba.

A Gangtok ya riƙa buga wa wata ƙaramar ƙungiya mai suna Boys Club, wadda wani ɗan'uwan iyayensa, Karma Bhutia, yake kula da ita. Tsani na biyu kuma shi ne Kofin Subroto, gasar makarantu ta ƙasa da ake yi a Delhi tun 1960 a ƙarƙashin kulawar rundunar sojin saman Indiya. A gasar 1992 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa. A wannan tsakani ne tsohon mai tsaron ragar Indiya, Bhaskar Ganguly, ya gan shi, ya kuma share masa hanyar zuwa Kolkata. A 1993, yana da shekara 16, ya sanya hannu a ƙungiyar East Bengal.

Ranar da mutum dubu 131 suka shaida

Sai an fahimci Kolkata kafin a fahimci abin da yaron ya shiga. Manyan ƙungiyoyi uku ne suka raba birnin: Mohun Bagan da aka kafa a 1889, da Mohammedan Sporting ta 1891 wadda Musulmin yankin suka runguma, da East Bengal ta 1920. Hamayya mafi zafi tana tsakanin Mohun Bagan, wadda ake ɗauka ta 'yan asalin gari, da East Bengal, wadda magoya bayanta akasari zuriyar waɗanda suka yi ƙaura ne daga yankin da a yau ake kira Bangladesh. Hamayyar har cikin tukunya take: idan East Bengal ta yi nasara, magoya bayanta kan yi walima da wani kifi mai suna hilsa, idan kuwa Mohun Bagan ce, jatan lande ake dafawa.

Bhutia bai daɗe a can ba a zuwan farko. A 1995, shekarar da ya fara buga wa ƙasarsa a Kofin Nehru har ya ci Uzbekistan, ya koma ƙungiyar JCT ta garin Phagwara a Punjab, mallakar wata masaƙa. A nan ya haɗu da I.M. Vijayan, ɗan wasan gaban da ya taso yana tallar lemon kwalba a filin wasan garinsu a Kerala, suka zama ƙarfen ƙafa ga masu tsaron baya. A kakar 1996 zuwa 1997, wato daidai lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Indiya ta fara gasar lig ta ƙasa a karon farko a tarihinta. JCT ce ta lashe, Bhutia kuma ya fi kowa zura ƙwallo.

Ya koma East Bengal a 1997, kuma a shekarar ne ya buga wasan da har gobe ake tuna shi da shi. Ranar 13 ga Yuli, East Bengal da Mohun Bagan suka haɗu a wasan daf da na ƙarshe na Kofin Federation a filin Salt Lake, a gaban 'yan kallo fiye da dubu 131. Mohun Bagan ta zo da ƙarfinta. Kocinta, Amal Dutta, ya ƙirƙiro wani salon kai hari da ya riƙa ruguza abokan karawa, kuma kafin wasan ya yi wa sunan Bhutia ba'a a gaban 'yan jarida. Ɗan hakin da aka raina shi ya tsone ido. East Bengal, ƙarƙashin koci P.K. Banerjee, ta yi nasara da ci 4 da 1, Bhutia ya ci uku rigis, abin da ba a saba gani ba a karawar ƙungiyoyin biyu.

Akwai hannun Najeriya a wannan rana. Ƙwallo ɗayar da Mohun Bagan ta samu, Chima Okorie ne ya ci ta. Okorie ya je Indiya ne karatu a shekarun 1980, ƙwallo ta janye shi, ya buga wa manyan ƙungiyoyin Kolkata ukun duka, kuma shi ne baƙon farko da Mohun Bagan ta ɗauka bayan ta shafe shekara ɗari tana alfahari da 'yan gida zalla. Emeka Ezeugo, wanda ya je Kofin Duniya na 1994 tare da Super Eagles, shi ma a filayen Kolkata ya fara suna. Bayansu aka samu Odafa Okolie da Ranti Martins, waɗanda suka yi shekaru suna musayar kambun wanda ya fi cin ƙwallo a gasar Indiya, sai Bartholomew Ogbeche da ya lashe takalmin zinare tare da Hyderabad a 2022. Ke nan yayin da ake ta yaɗa labarin 99 da 1 a gida, 'yan Najeriya ne suke cin ragar Indiyawa a filayensu kowane mako, ana biyan su albashi.

East Bengal ba ta ɗauki kofin na 1997 ba, domin Salgaocar ta Goa ta doke ta a wasan ƙarshe. Ba kowa ke tuna wannan ba.

Shekaru uku a Ingila

A ƙarshen Satumban 1999 Bhutia ya sanya hannu kan kwantiragin shekara uku da Bury, wata ƙaramar ƙungiya da ke kusa da Manchester, wadda a lokacin take rukuni na uku na gasar Ingila. Kafin nan ya yi gwaji a Fulham da West Brom da Aston Villa ba a dace ba, kuma samun takardar izinin aiki ya ba shi wahala saboda matsayin Indiya a jadawalin FIFA. Shi ne Ba'indiye na farko da ya ƙulla irin wannan kwantiragi da ƙungiyar Turai. Wanda ya riga shi taka leda a can shi ne Mohammed Salim na Mohammedan Sporting, wanda ya buga wa Celtic ta Scotland wasanni biyu a 1936 da ƙafafu a naɗe da bandeji, sannan kewar gida ta mayar da shi Kolkata.

Idan za a faɗi gaskiya, zaman Bhutia a Ingila bai yi armashi ba. Neil Warnock, kocin da ya kawo shi, ya bar Bury zuwa Sheffield United bayan kimanin wata biyu. Sai a ranar 15 ga Afrilun 2000 ya ci ƙwallonsa ta farko a lig, a karawa da Chesterfield. A shekara uku ya buga wasannin lig 37, ya ci ƙwallo uku. Ciwon gwiwa ya cinye masa kakar ƙarshe, ƙungiyar kuma ta faɗa matsalar bashi a 2002, shi ke nan ya tattara ya koma gida. (Bury ɗin ma daga baya, a 2019, an kore ta daga gasar ƙwararru ta Ingila saboda matsalar kuɗi.)

Mutumin da ya ci uku rigis a gaban mutum dubu 131 ya kasa samun gurbin dindindin a rukuni na uku na Ingila. Wannan ya nuna tazarar da ke tsakanin ƙwallon Indiya da ta Turai fiye da duk wani jadawali. Ɗan wasan da bai kai tsawon masu tsaron bayan Ingila ba, wanda ya saba da wasa a hankali cikin zafin Kolkata, ya tsinci kansa cikin sanyi da taɓo da dogayen ƙwallaye da karo na ƙarfi. Ya kuma je ne yana gab da cika shekara 23, shekarun da takwarorinsa na can suka riga suka yi nisa a horon ƙwararru. Abin da ya amfana da shi ya fi ƙwallo ukun nan: ya ga yadda ake ciyar da ɗan wasa, da yadda ake jinyarsa, da yadda kwantiragi ke kare shi, kuma duk waɗannan sun bayyana a abubuwan da ya yi bayan komawarsa.

Kyaftin

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi albarka. A 2002 ya ci biyu a wasan ƙarshe na Kofin LG, inda Indiya ta doke Biyetnam mai masaukin baƙi da ci 3 da 2. A Yulin 2003, bayan shekara ɗaya a Mohun Bagan, ya sake komawa East Bengal, suka je Jakarta suka lashe gasar ƙungiyoyin kudu maso gabashin Asiya, wadda aka gayyace su a matsayin baƙi. Sun doke BEC Tero Sasana ta Tailan da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe. Wani ɗan Najeriya, Mike Okoro, na cikin waɗanda suka ci, Bhutia kuma ya kammala gasar da ƙwallo tara. Ya kuma yi gajeren zama sau biyu a Maleshiya, a Perak da Selangor MK Land.

A tawagar ƙasa ya riƙe kambun kyaftin na tsawon shekaru. Ya ɗauki kofin ƙasashen kudancin Asiya a 1997 da 1999 da 2005. Zuwan koci Bob Houghton ɗan Ingila ya ƙara daidaita tawagar, suka lashe Kofin Nehru a 2007 da 2009, duka biyun a kan Siriya. Mafi muhimmanci shi ne Kofin Ƙalubale na Asiya na 2008, gasar da aka ware wa ƙasashe masu tasowa a harkar ƙwallo. A wasan ƙarshe a Delhi, Indiya ta lallasa Tajikistan da ci 4 da 1. Bhutia ya ci ɗaya, wani matashi mai suna Sunil Chhetri ya ci uku, aka kuma zaɓi kyaftin ɗin a matsayin gwarzon gasar. Nasarar ta bai wa Indiya tikitin Kofin Asiya na 2011 a Katar, karon farko tun 1984.

Ƙaddara ba ta bar shi ya ci moriyar tikitin ba. Ya isa Katar da rauni, ya zauna a benci Ostareliya ta ci su 4 da nema, Bahrain ta ci su 5 da 2, sai a wasan ƙarshe da Koriya ta Kudu aka sako shi na 'yan mintuna, aka tashi 4 da 1. A Agustan 2011 ya sanar da daina buga wa ƙasa. Ranar 10 ga Janairun 2012 aka shirya masa wasan bankwana a Delhi tsakanin Indiya da Bayern Munich, inda baƙin suka ci 4 da nema. Yawan wasanninsa da ƙwallayensa ya danganta da mai lissafi: idan aka haɗa duk wasannin da ya sa rigar ƙasa sun haura 100, idan kuma aka tsaya kan waɗanda FIFA ta amince da su kawai, ba su kai haka ba. Chhetri, wanda ya gaje shi, ya zarce shi nesa ba kusa ba, da ƙwallo fiye da 90.

Ba a cikin fili kaɗai ya yi suna ba. A 2006 ya jagoranci kafa ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasan Indiya, a ƙasar da ƙungiya kan iya riƙe albashin ɗan wasa watanni ba mai ce mata uffan, matsalar da 'yan wasan gasar Najeriya ba sa buƙatar a yi musu bayaninta. A 2008 ya ƙi ɗaukar wutar Olamfik ta Beijing lokacin da ta ratsa Delhi, domin nuna goyon baya ga al'ummar Tibet, waɗanda mutanen Sikkim ke da alaƙar asali da al'ada da su. A shekarar ce gwamnati ta ba shi lambar girmamawa ta Padma Shri, bayan lambar Arjuna ta 'yan wasa da ya samu a 1998.

Sai kuma abin da masu kallon finafinan Indiya za su fi jin daɗi: a 2009 ya shiga wata gasar rawa ta talabijin, ya kuma lashe ta. Mohun Bagan, wadda yake buga wa a lokacin, ta zarge shi da barin atisaye saboda rawa, ta dakatar da shi wata shida. Rikicin ya kai ga lauyoyi, ya ƙare da komawarsa East Bengal.

Bayan jingine takalmi

Rayuwar tsohon ɗan wasa ta fi ta ɗan wasa wuya, kuma ta Bhutia ba ta fita daban ba. A 2010 ya buɗe makarantun koyon ƙwallo masu ɗauke da sunansa, waɗanda suka faro daga Delhi suka bazu zuwa wasu birane. A 2011 ya haɗa gwiwa da wasu masu zuba jari suka tsayar da ƙungiyar United Sikkim a jiharsa, yana mai ita kuma yana buga mata. Ta hau babbar gasar ƙasa a 2012, ta faɗo bayan kaka ɗaya. Ƙungiyar ƙaramar jiha, mai nisa da masu tallace-tallace, wadda kowace tafiya zuwa wasan waje ke cinye mata kuɗi, ba ta iya jurewa ba ko da sunan gwarzon ƙasa a bayanta. Da aka ƙaddamar da sabuwar gasar Indian Super League a 2014, manyan attajirai da taurarin fim irin su John Abraham da Abhishek Bachchan da Ranbir Kapoor ne suka mallaki ƙungiyoyi, Sikkim ba ta samu ko ɗaya ba.

Ya gwada siyasa, ba ta karɓe shi ba. Ya nemi kujerar majalisar tarayya ta Darjeeling a 2014 ya faɗi, ya nemi ta majalisar jiha a Siliguri a 2016 ya faɗi, ya kafa jam'iyyarsa a Sikkim a 2018 ita ma ba ta kai labari ba. A 2024, bayan wani kayen, ya ce ya bar siyasa.

Faɗuwar da ta fi ciwo ta zo ne a cikin gidan ƙwallo. A tsakiyar Agustan 2022 FIFA ta dakatar da hukumar ƙwallon Indiya, ba don tsafi ba, sai don katsalandan daga waje bayan kotun ƙolin ƙasar ta naɗa kwamitin riƙo. Cikin ƙasa da mako biyu aka ɗage dakatarwar, aka kuma yi zaɓen shugaban hukumar ranar 2 ga Satumba. Bhutia ya tsaya takara da Kalyan Chaubey, tsohon mai tsaron raga kuma ɗan jam'iyyar BJP mai mulki. Wakilan hukumomin jihohi ne ke kaɗa ƙuri'a. Aka tashi 33 da 1. Jihohin Andhra Pradesh da Rajasthan ne ma suka gabatar da sunansa, ba Sikkim ba.

Mako huɗu bayan haka, ranar 30 ga Satumban 2022, aka yi irin wannan zaɓe a Benin, inda Alhaji Ibrahim Musa Gusau, wanda ya daɗe yana shugabantar hukumar ƙwallon Jihar Zamfara, ya zama shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya. A zagaye na biyu ya samu ƙuri'a 39, tsohon mai tsaron raga Idah Peterside ya samu ɗaya. A ƙasashen biyu, ƙaunar 'yan kallo ba ta shiga akwatin zaɓe; wanda ya san shugabannin jihohi, ya zauna da su shekara da shekaru, shi ke da ƙuri'a.

Ina tsanin Zamfara?

Jihar da ta fitar da shugaban ƙwallon ƙasa ba ta rasa yara masu ƙafa ba. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato da la'asar, daga Tsafe ya wuce gindin dutsen Kwatarkwashi ya shiga Gusau ya fita ta Bungudu, zai ga filayen makarantun firamare cike da ƙura da samari, wasu da takalmin roba, wasu ba takalmi, an kafa duwatsu biyu a matsayin raga. A watan azumi da lokacin bukukuwan Sallah akan shirya gasannin unguwanni, 'yan siyasa su sa kofi da 'yan kuɗi, a yi hoto a watse.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne matakin da ke bin wannan. Zamfara United, ƙungiyar gwamnatin jiha da ke wasa a filin tunawa da Sardauna a Gusau, ta taɓa shafe wasu shekaru a babbar gasar ƙasa kafin ta faɗo, kuma kamar akasarin ƙungiyoyin gwamnati a Najeriya, lafiyarta na tafiya ne da ra'ayin wanda ke kan mulki. Gasar matasa ta Kofin Ramat da ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammad ita ce mafi kusa da Kofin Subroto a Arewa, sai dai gasa ta 'yan kwanaki ba ta maye gurbin tallafin da ke riƙe yaro a aji da fili tsawon shekaru. Ahmed Musa ya bi ta makarantar ƙwallo a Jos, ya buga wa JUTH, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin Turai ta kira shi. Shehu Abdullahi ya fito daga Sakkwato, shi ma sai da ya bi ta Pillars. Yaron Tsafe ko Bungudu da ke son bin sawunsu, kusan dole ne ya bar jiharsa tun da wuri, da kuɗin motar iyayensa, ba da takardar wata hukuma ba.

Sannan ga matsalar da Sikkim ba ta fuskanta ba. Tsanin farko na Bhutia makarantar kwana ce, alhali a Zamfara makarantar kwana ta zama abin fargaba tun bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021. A Satumban shekarar gwamnatin jihar ta rufe makarantu baki ɗaya na wani lokaci bayan sace ɗalibai a Kaya ta Ƙaramar Hukumar Maradun. A Satumban 2023 kuma aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu a Sabon Gida, cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu. Gasar makarantu na buƙatar a ɗauki yara a mota daga wannan gari zuwa wancan, kuma babu shugaban makarantar da zai sa hannu kan irin wannan tafiya da sauƙin zuciya a kan hanyar da manya ma ke lissafin lokacin bin ta.

A Namchi, babban garin yankin da aka haifi Bhutia, gwamnatin Sikkim ta sanya wa filin wasa sunansa tun yana taka leda. Kofin Subroto kuwa har yanzu ana yin sa, an ƙara masa rukunin 'yan mata, kuma makarantun jihohin tsaunukan arewa maso gabas na cikin waɗanda suka fi yawan ɗaukar sa.